KULOCIN JABU DA "KAYAN DA YA FITA BA YA DAWOWA": WA KE BIYAN ASARAR?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe, musamman direbobi, kanikawa, masu motocin haya da 'yan uwana manoma na Ikara, Makarfi da Kudan.

Duk mai zama a tasha ko bakin gareji a 'yan shekarun nan ya san cewa bayan kukan tsadar mai, babu kukan da ya kai na kayan gyara. Kaya sun yi tsada, kuma ba su da ƙarko. A cikinsu kuwa, babu wanda ke ƙona ran mai mota kamar kuloci. Ka sayi sabo fil a kwali, a ɗaura, kafin wata ya zagayo ya fara santsi yana ƙauri. Ka koma wajen wanda ya sayar maka, ya kalle ka kamar bai taɓa ganinka ba.

Maganata a taƙaice ita ce: ban ga laifin a sayar da kaya mai araha ba. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan orijina, kuma idan ya lalace kowa ya zame, a bar mafi rauni da asara. Bari in yi bayani.

Ga waɗanda ba su san cikin mota ba, kuloci shi ne ke haɗa ƙarfin inji da giya, kuma shi ke raba su idan ka taka. Abubuwa uku ne ke aiki tare. Akwai faifan da ke kama juyin inji, wanda kanikawa ke kira dis. Akwai filet mai danne faifan a jikin filawil. Sai kuma boris ɗin da ke tura filet ya saki idan direba ya taka. Dukkansu suna ɓoye ne tsakanin inji da giyabos, babu yadda za a yi ka kai hannu gare su sai an sauke giyabos gaba ɗaya.

To a nan gizo ke saƙar. Idan fulogi ne jabu, minti goma ka cire ka sa wani. Idan ƙwan fitila ne, ko yaron gareji ya canza maka. Amma kuloci aikin wuni ne, a wata motar ma har a kwana. Saboda haka duk wanda aka sayar wa kulocin banza sau biyu zai biya kuɗin kaya, sau biyu zai biya kuɗin aiki, sau biyu motarsa za ta kwana a gareji ba ta kawo ko sisi ba. Idan kuma ya yi rashin sa'a faifan ya ƙone ya ci fuskar filawil, ko sifirin ɗinsa ya ɓalle a ciki, to lissafin ya wuce nan.

Yanzu a ɗora wannan a kan irin rayuwarmu. Mu nan abin da muke nomawa ba ya jira. Tumatirin Ikara da na fadamun Hunkuyi idan aka tsinke shi aka zuba a kwando, agogonsa ya fara bugawa. Raken Makarfi idan aka sare aka yi lodi, kullum nauyinsa da zaƙinsa raguwa suke. Inabin Kudan da ake alfahari da shi yanzu, ai ya fi su duka rashin haƙuri. Motar da ta ɗauko irin wannan kaya ta tsaya a hanya saboda kuloci, rana ɗaya kawai a cikin zafin watan Maris ta isa ta mayar da kwandon tumatir na kuɗi ya koma na a-taimaka-a-saya. Manomin da ya yi wata uku yana ban-ruwa da fetur mai tsada, bai san shagon da aka sayi kulocin ba, bai san sunan mai shagon ba, amma shi zai biya mafi girman kaso.

Ba kaya kaɗai ba. Waɗannan Golf da Sharon da Hayis ɗin da ke jigila tsakanin Tashar Yari, Makarfi, Ikara da Zariya, su ne motar asibitinmu. Su ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare zuwa Shika. Kuma kowa ya san yadda hanyoyinmu suke, babu mai son mota ta mutu masa a daji bayan magariba. Motar da giya ta ƙi shiga a tsakiyar titin Zariya zuwa Kano, ga tirela na tahowa a baya, wannan ya wuce maganar kuɗi, ya zama maganar rai.

Akwai wani ƙanena direba da ke jan motar wani bawan Allah, kullum yana kai balas. A kakar rake da ta wuce kulocinsa ya gama aiki. Maigidansa ya ba shi kuɗi ya shiga birni, ya ce a ba shi mai kyau, ya biya kuɗin mai kyau. Kwali mai sheƙi, har da tambarin kamfani. Kwana goma sha ɗaya ya yi a mota ya fara santsi, a hawa kaɗan sai inji ya yi ta kuka mota ba ta tafiya. Da aka sauke, fatar faifan ta ƙone ta yi baƙi, ƙusoshinta duk sun fito. Ya ɗauka ya koma shagon.

Ya ce, "Alhaji, kayan nan da na saya wajenka ko sati biyu bai yi ba."

Alhaji ko taɓa kayan bai yi ba. Ya ce, "Ina rasit?"

"Ai ba ka ba ni ba, Alhaji."

"To ka gani. Kuma ko da rasit, kayan da ya shiga mota ba ya dawowa. Je ka tambayi bakanikenka, shi ya ɓata maka."

Ya koma wajen bakanike, bakanike ya ce shi ɗaurawa kawai ya yi, kaya ne jabu. Ya koma wajen maigida, maigida ya ce ƙafarka ce, kai ka ƙona shi, za a cire a kuɗinka. Mutum uku, kowa ya wanke hannunsa, aka yi kashin dankali, na ƙasa ya sha nauyi. Na tabbata a cikin masu karanta wannan akwai da yawa da za su ce kamar labarinsu nake bayarwa.

Yaya aka yi muka iso nan?

Manya za su tuna lokacin da kamfanin Fijo na Kakuri a Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, yake cika hanyoyinmu da 504. A wancan zamani akwai dilolin da aka sani, kayan gyara kuma suna da asalin da za a bi. Da muka koma dogaro da motocin Kwatano da 'yan Beljiyam, sai kayan gyara suka koma shigowa ta kowace kafa. Yau kulocin da za a ɗaura a gareji a Makarfi, wataƙila ya sauka a Legas, ya bi ta Ladipo ko Nnewi, ya zo Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Sabon Garin Zariya, kafin ya iso hannun ɗan ƙaramin shago. Hannu biyar ko shida, kowa da ribarsa, babu ko ɗaya da ya sa hannu a takarda cewa shi ke da alhaki.

Sai kuma aka zo 2023. Aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, a watan Yuni aka saki Naira. Dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen Naira 460, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi. Mai mota ba shi da kuɗin orijina, ɗan kasuwa kuma ba ya son ya rasa ciniki. Sai kasuwa ta cika da kaya masu daraja ta biyu da ta uku. Har nan babu laifi. Inda ɓarnar ta shigo shi ne da aka fara zuba na ukun a kwalin na ɗaya.

Kamfanonin da suka yi suna a kuloci sanannu ne: Valeo na Faransa, LuK da Sachs na Jamus, Exedy da Aisin na Japan. Sunayensu ne masu jabu ke bugawa a kwali, don sun san su direba ke tambaya. Akwai kuma wata dabarar: a samo tsohon faifai, a sake masa fata, a wanke, a fesa fenti, a naɗe a leda a ce sabo ne. Sake wa faifai fata sana'a ce ta halal, ta rufa wa mutane da yawa asiri, matuƙar an gaya wa mai saye abin da yake saye. Ranar da aka kira shi sabo, ranar ya zama ha'inci.

Na san wasu za su ce ai China ce, wasu su ce ai 'yan ƙabila kaza ne. Don Allah mu bar wannan. Manyan kamfanonin nan da na lissafa, da yawansu suna da masana'antu a Chinar, kuma kaya masu kyau suke fitarwa. Masana'anta abin da ka yi oda shi take yi maka, wanda ya je ya ce a yi masa na araha a buga masa sunan wani, daga nan ya tashi ya tafi. Shagunan da ake wulaƙanta mutane kuma, akwai na baƙi, akwai na 'yan uwanmu da muke sahu ɗaya da su a masallaci. Haka nan a kowane ɓangare akwai mutanen kirki da za su ce maka, "Wannan ba zai yi maka ba, ƙaro kuɗi ka ɗauki wancan." Ha'inci hali ne, ba shi da yare.

Kuma don a yi adalci, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba duk kulocin da ya mutu da wuri ne jabu ba. Motar da aka yi don mutum bakwai, a zuba mata goma sha biyu, a ɗora buhunan masara a but har ƙofa ba ta rufuwa, ko wane kamfani ne ya yi kulocin sai ya gaji. Direban da ke ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya, ko yake riƙe mota da shi a hawa maimakon birki, shi ma yana ƙona shi da kansa. Bakaniken da zai canza faifai kaɗai ya bar tsohon filet da ya saki, ko ya ga baƙin mai na yoyo daga bayan inji yana jiƙa faifai bai canza sil ba, ko ya ga fuskar filawil ta yi kunya-kunya ya ɗaura a haka, to ko orijina ka kawo masa ba zai daɗe ba. Sannan ga maganar da ba a son faɗa: bakaniken da zai karɓi kuɗin orijina ya sayo na tsakiya ya soke canji, ko wanda ke da kamasho a shago ɗaya, duk wanda ya zo can zai tura shi ko kayan na da kyau ko babu.

Amma ku lura da wani abu. Wannan ruɗanin shi ne mafakar mai sayar da jabu. Tunda kuloci na iya mutuwa ta hanya huɗu ko biyar, kullum yana da wanda zai nuna da yatsa. Shi ya sa ba ya son rasit, shi ya sa ba ya son a buɗe kayan a gaban shaidu. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba ya tsoron takarda.

Ita kuma maganar nan ta "kayan da ya fita ba ya dawowa" da ake rubutawa a bango ko a ƙasan rasit, mutane da yawa sun ɗauka doka ce. Ba doka ba ce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibi a cikin wata uku, a gyara masa, ko a canza masa, ko a mayar masa da kuɗinsa. A 2022 wata Babbar Kotu a Enugu ta yanke wa kamfanin sufuri na Peace Mass Transit hukunci a kan tsarinsa na ƙin mayar da kuɗin mota, ta ce ya saɓa wa wannan doka, ta sa ya biya fasinja diyyar Naira 500,000. Fasinja ɗaya ne fa ya tsaya ya ce bai yarda ba.

Kafin dokar Abuja ma, mu ai muna da tamu. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin ya mayar. Kowa ya san ƙissar da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, da irin kakkausan gargaɗin da ya yi wa mai kayan a kan algus. To mene ne bambancin jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan tari da tsohon faifai a cikin sabon kwali? Mutum ya yi wannan da safe, da azahar ya rufe shago ya tafi sahun farko, kuma da kuɗin zai biya Umara. Haba jama'a!

Hukumar SON ita ke da alhakin tabbatar da ingancin kayan da ake shigowa da su, tana da tsarin SONCAP da ya kamata a ce kaya sun bi kafin su shigo. Muna jin labarin kame da ƙona kaya a manyan birane. Amma mu faɗi gaskiya, direban da ke Paki ko Gubuchi ko Likoro ba zai bar lodi ya tafi neman ofishin hukuma a kan kuloci ba, kuɗin motar zuwa da ɓata lokacin sun kusa kuɗin kayan. Masu jabu sun san da haka, a kan haka ma suka gina kasuwarsu. Don haka ni a ganina gyaran daga tasha da gareji zai fara, kuma ga abin da nake ba da shawara.

Na farko, 'yan kasuwa, a kira kaya da sunansa. Wannan orijina ne, wannan na tsakiya ne, wannan ɗan Beljiyam ne, wannan an sake masa fata. Kowanne da kuɗinsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo ya yi maka rigima ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana da haƙƙin ya sayi na araha ya lallaɓa, amma ya saya da saninsa.

Na biyu, masu saye, kada a bar shago babu rasit. A rubuta kwanan wata, sunan kaya, sunan kamfanin da aka ce shi ya yi, da kwanakin garanti ko da talatin ne. Ka ɗauki hoton kayan da kwalin da wayarka a cikin shagon, kuma kada ka yar da kwalin. Wanda ya ce ba ya rubuta rasit ya riga ya gaya maka irin kayansa, ka ƙara gaba.

Na uku, kanikawa. Ku ne idon mai mota. Kafin a ɗaura a duba kayan a gaban mai shi, a gwada da tsohon, a nuna masa filawil da sil, a gaya masa gaskiya idan saiti guda ya kamata ya saya. Idan ya ce faifai kaɗai zai iya, a gaya masa abin da zai biyo baya. Tsohon kayan da aka cire kuma a miƙa masa. Bakaniken da ke haka, wallahi layin motoci ba zai ƙare a garejinsa ba.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci a wajena: ƙungiyoyi. Muna da NURTW a tashoshinmu, kanikawa na da NATA, 'yan kasuwar kayan gyara su ma suna da shugabanninsu. Kullum ana yankar tikiti, ana karɓar kuɗin ƙungiya. Me zai hana reshen Ikara, Makarfi da Hunkuyi su ajiye littafi guda, duk wanda aka sayar wa kayan banza ya zo da rasit a rubuta? A samu kanikawa biyu ko uku masu amana su duba kayan, su faɗi ko laifin kaya ne, ko na ɗauri, ko na tuƙi. Idan na kaya ne, shugaban tasha ya kira shugaban 'yan kasuwa. Direba ɗaya ana iya korarsa daga bakin shago, amma babu ɗan kasuwar da zai so a ce tasha uku sun daina sayen kayansa. Shagon da aka same shi da gaskiya kuma a faɗa a tasha, a tura masa ciniki. Idan ƙorafi ya taru a kan wuri ɗaya, ƙungiya ta kai wa FCCPC ko SON a rubuce, idan a Kano aka yi sayayyar kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar. Takarda mai ɗauke da rasit ashirin ba a jefa ta a kwandon shara kamar ta mutum ɗaya.

Na biyar, iyayen gida masu motoci. Ku ji tsoron Allah a kan direbobinku. Kafin ka ce za ka cire a kuɗin yaro, ka sa a duba kayan tukuna. Kuma idan kai ne ka ba shi kuɗin na araha ka ce ya je ya yi dabara, to kada ka zo kana neman aikin orijina. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, wannan ba direba kaɗai aka yi wa karin maganar ba.

Shugabannin ƙananan hukumominmu uku da 'yan majalisarmu su ma suna da rawar takawa. Ba kuɗi ake nema ba, zama ɗaya ne da za a haɗa 'yan tasha, kanikawa da masu shaguna kafin kakar rake da ta tumatir, a amince da rasit da garanti. Malamanmu kuma don Allah a riƙa taɓo babin ciniki a huɗuba da misalan da mutane ke gani kullum, har da na kayan mota.

Masu shagunan da ke cikin abokaina a nan, ina son jin ta bakinku, domin na san ku ma wani lokaci a kwali ake kawo muku, ba ku san abin da ke ciki ba sai an dawo da shi. Idan haka ne, ku ma ku nemi takarda daga wanda ya ba ku, a bi sarƙar har a kai ga wanda ya yi odar. Abin da ba za mu ci gaba da karɓa ba shi ne a ce asarar ta tsaya a kan direba da manomi don kawai su ne ba su da wanda za su tura wa.

Allah Ya ba mu halal, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kiyaye hanya. Wanda ke da ɗan uwa direba ko bakanike ya tura masa.